Sabuwa Dal ko Ta Nuni: Yadda Sayen Kwamfuta Ya Sauya a Paraku da Jugu

Kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda aka fi sani da laftof, iri uku ce a kasuwar arewacin Jamhuriyar Benin. Akwai sabuwa dal, a cikin kwalinta, ba a kunna ta ba tun fitowarta daga masana'anta. Akwai ta hannu, wadda wani ya yi shekaru yana aiki da ita a Turai ko Amurka kafin a loda ta a kwantena. Masu jin Faransanci a Benin suna ce mata okaziyon, Hausawan Nijeriya kuma suna ce mata 'yar Kwatano ko tokumbo. Ta uku tana tsakanin biyun, ita ce ta nuni: wadda aka fitar daga kwali aka ɗora a teburin shago don masu saye su gani su taɓa, ta yi watanni a kunne, daga baya aka rage mata kuɗi. Ba a taɓa sayar da ita ba, amma kuma ba za a ce ba ta yi aiki ba. Zaɓi tsakanin sabuwa da ta nuni shi ne ya fi rikita mai saye, domin a ido kusan ɗaya suke, bambancinsu yana can ciki inda ido ba ya kaiwa.

Garuruwan ciniki tun kaka da kakanni

Paraku, babban birnin jihar Borgu, da Jugu, babban birnin jihar Donga, ba baƙin ciniki ba ne. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fataken Hausawa suka riƙa bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna dawowa da goro. Daga wannan zirga-zirga aka samu zango-zangon da Hausawa da Dandawa ke zaune a ciki har yau. A shekarun 1930 layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku ya tsaya, sai garin ya zama wurin da ake sauke kayan tashar jiragen ruwa a mayar da su cikin manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya da cikin Nijar. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen Paraku sun haura 250,000, kasuwar Arzeke kuma tana cikin manyan kasuwannin ƙasar.

A 2001 aka kafa Jami'ar Paraku, ta biyu a jami'o'in gwamnatin ƙasar. Unguwar Banikanni, saboda kusancinta da jami'ar, ta cika da ɗakunan haya na ɗalibai, da shagunan buga takardu da kwafe su, da masu gyaran waya da kwamfuta. Ɗalibai daga Jugu da Kandi da Natitingu da ƙauyukan da ke kewaye su ne manyan masu neman laftof a wannan yanki, kuma akasarinsu kuɗin ba nasu ba ne. Na auduga ne ko na kashu da uba ya sayar, ko na adashin uwa, ko wanda wani yaya ya aiko daga Legas. Shi ya sa kuskure a wannan saye ba ƙaramin abu ba ne: idan kwamfutar ta mutu bayan wata shida, da wuya a sake haɗa wani kuɗin.

Lokacin da babu zaɓi

Intanet ta shigo Benin a ƙarshen 1995, lokacin taron ƙolin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Kwatano, sannan a 2002 wayar ƙarƙashin teku ta SAT-3 ta fara aiki da reshenta a Kwatano. Sai dai arewa ta daɗe tana jira. Kusan shekara biyu kafin zuwan intanet, a Janairun 1994, an karya darajar sefa da rabi, duk wani kayan da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi. A wancan zamani kwamfuta kayan ofis ce, ta gwamnati ko ta banki ko ta ƙungiyoyin agaji, laftof kuwa sai a hannun babban ma'aikaci ko wanda ya dawo daga Turai.

Ɗalibin farkon shekarun 2000 da hannu yake rubuta kundin kammala karatunsa. Ya ɗauki takardun ya kai shagon masu buga rubutu, a yi masa kuɗi shafi-shafi, ya zauna a benci kusa da mai bugawa yana karanta mata inda rubutunsa bai fito ba. A ajiye aikin a disket, idan disket ta lalace a koma farko. Malami ya yi gyara da jan biro, a sake komawa shagon, a sake biya. Mai son aika saƙo ya tafi siba, wato shagon intanet, ya sayi awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. Ba wanda ke tambayar sabuwa ko tsohuwa a lokacin. Tambayar ita ce ko za a samu kujera a gaban wata kwamfuta, ko ta waye.

Zuwan kayan hannu

Abin da ya sauya wannan hali ya faro ne daga nesa. Manyan kamfanoni da ma'aikatun Turai da Amurka sun saba sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan shekara uku zuwa biyar, ko da lafiyarsu ƙalau. Dillalai su saye su da yawa, su tura Afirka ta Yamma, wasu a kwantena, wasu a cushe cikin tsofaffin motocin da ake kawowa. Tashar Kwatano ta riga ta yi suna a wannan harka ta motocin hannu, kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas kuma ta zama cibiyar kwamfuta da kayan gyaranta a duk yankin. Daga waɗannan wurare biyu kaya ke haurowa arewa, kusan kilomita 400 daga Kwatano zuwa Paraku, daga nan kuma wasu kilomita 130 da 'yan kai zuwa Jugu. Rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya nuna wa 'yan kasuwa yadda suka dogara da wannan hanya.

Ta haka sunaye irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad suka zama sanannu a bakin ɗalibai. Waɗannan kwamfutocin ofis ne, an ƙera su da ƙarfi, ana buɗe bayansu da sukudireba a sauya batir ko a ƙara ram, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Su ne suka kai laftof ɗakin ɗalibin da iyayensa manoma ne. Amma hanyar ta zo da shara. Rahoton da sakatariyar Yarjejeniyar Basel ta fitar a kan ƙasashe biyar, Benin da Kodebuwa da Gana da Laberiya da Nijeriya, ya nuna cewa a Gana a 2009 kusan kashi 70 cikin 100 na kayan lantarkin da aka shigo da su na hannu ne, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na waɗannan ba sa aiki. Mutane da yawa sun sayi abin da ya mutu a mako na uku, daga nan aka ɗauki darasin cewa kwanciyar hankali tana wajen sabuwa.

Sabuwar ma ta sauya

Wancan darasi gaskiya ne a lokacinsa, amma yanzu ba ya wadatarwa. Masana'antu sun fito da laftof masu araha ƙwarai don kasuwannin masu ƙaramin ƙarfi: injin Celeron, ram gigabait 4, ma'ajiya gigabait 64, jiki na roba mara kauri. A yawancinsu an manne ram da ma'ajiyar a jikin babban allon ciki, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Irin wannan sabuwa ce babu shakka, ledarta ba a ɓare ba, amma da zarar an buɗe shafukan intanet biyar da takardar Word guda sai ta fara jan ƙafa, kuma mai gyara ba shi da abin da zai yi mata. Kuɗin da zai sayi wannan sabuwa sau da yawa shi ne zai sayi ta nuni ko ta hannu mai injin Core i5 da ram gigabait 8 da ma'ajiyar SSD. A nan ne zaɓin ya zama abin tunani na gaske, domin sabuntar kwali ta daina zama shaidar inganci.

Sunan inji ma yana ruɗi. Mai shago zai ce "Core i5 ce," mai saye ya ji daɗi, alhali i5 ta 2011 da i5 ta 2020 sunan kawai suka haɗa. Lambar da ke bin sunan ita ke faɗin zamani: i5-2520M zubi na 2 ce, ta 2011; i5-8250U zubi na 8 ce, ta 2017; i5-1135G7 zubi na 11 ce, ta 2020. Wannan lamba ta ƙara muhimmanci tun da Microsoft ya fitar da Windows 11 a Oktoban 2021, wadda a hukumance ba ta karɓar injunan Intel da suka gabaci zubi na 8, in ban da 'yan kaɗan, kuma tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin ya dakatar da tallafin yau da kullum na Windows 10. Dubban kwamfutoci masu lafiyar jiki sun tsufa a takarda rana guda, kuma sanannen abu ne cewa irin waɗannan kaya kasuwannin Afirka suke nufowa. Ana iya ɗora musu Linux su ci gaba da aiki, amma ya kamata mai saye ya san haka kafin ya biya, a kuma rage masa kuɗi daidai da hakan.

Abin da zaman teburi ke yi wa kwamfuta

Fa'idar ta nuni a fili take. Zamaninta bai yi nisa ba, yawanci samfurin bara ce ko ta bara waccan a lissafin masana'anta, ba ta sha tafiya a jaka ba, kuma kuɗinta ya sauka. Illarta kuwa ta fi taruwa a wuri ɗaya, wato batir. Batirin lithiyam ba ya son abu biyu: zama a cike taf na dogon lokaci, da zafi. Kwamfutar nuni tana jone da wuta daga safe zuwa dare, allonta a iyakar haske, batirinta a cike kullum. Wata shida ko shekara a haka kan rage masa ƙarfi ko da ba a taɓa cire caja ba, wani lokaci har ya kumbura ya ɗaga madannai ko wurin jan yatsa. Bayan batir akwai maƙalan murfi da hannaye da yawa suka buɗe suka rufe, da ramukan USB da aka yi ta gwaji a ciki, da ƙurar da fanka ta zuƙa.

Akwai wata matsala ta daban. Shagunan da ke baje kwamfuta a kunne don jama'a su taɓa sun fi yawa a manyan birane da ƙasashen waje, saboda haka kalmar "ta nuni" a bakin ɗan kasuwa takan rufe abubuwa dabam-dabam: wadda wani ya saya ya mayar, wadda aka gyara aka goge aka sa a sabon kwali, ko ta hannu mai tsabta kawai. Ba kowane mai shago ke yin haka da gangan ba, domin shi ma haka aka faɗa masa a Kwatano ko Legas. Abin da ya rage shi ne a bar kwamfutar ta faɗi shekarunta da kanta.

Yanayin arewa

Abin da mai saye a Faris zai ɗauka ƙaramin aibi, a Banikanni babba ne. Wutar kamfanin lantarki na SBEE ta inganta a 'yan shekarun nan idan aka kwatanta da da, amma ɗaukewa da hawa da saukar ƙarfinta ba su ƙare ba, musamman da damina ta kawo iska da tsawa. A ƙauyukan da ke kewaye da Jugu kuwa wasu da hasken rana suke caji. Laftof mai raunin batir a irin wannan wuri ta koma ta teburi, wuta na ɗaukewa aiki ya tsaya. Hunturu yana kawo ƙura mai laushi da ke toshe fanka daga Disamba zuwa Fabrairu, zafin Maris da Afrilu kuma ya same ta a toshe. Kwamfutar da ake iya buɗewa a share ta fi daɗewa a nan, komai kyan wadda aka like da gam.

Madannai ma abin dubawa ne. Karatu a Benin da Faransanci ake yi, tsarin madannan Faransa kuma AZERTY ne, mai haruffa masu alama a sama. Kayan da suka biyo ta Legas ko suka fito daga Amurka da Ingila QWERTY ne, na Jamus kuma QWERTZ. Ana iya sauya tsarin a cikin Windows, ana kuma sayar da 'yan takardun mannawa, amma wanda zai buga kundi mai shafi 80 zai ji bambancin a yatsunsa. Ɗan kasuwar zango da ke mu'amala da Kano da Legas shi kuma QWERTY ta fi masa.

Gwaji kafin biya

Cinikin yakan fara da tambaya ɗaya. "Alhaji, batirin yana riƙe wuta?" Amsar ma sananniya ce: "Yana riƙewa, ɗana, kunna ka gani." Mai hankali sai ya karɓi wannan izini da gaske, ya ja kujera. Ya cire caja, ya kunna bidiyo, ya bar shi minti ashirin yana kallon yadda lambar batir ke sauka. Ya buɗe baƙar tagar umarni ta Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, rahoto ya fito da lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake ɗauka yanzu. Idan na biyun ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na na farkon, batirin ya fara gajiya, kuɗin sabo ya shiga lissafi. Ƙaramar manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda ake ɗaukowa a filasha, tana nuna awannin da ma'ajiya ta yi a kunne. Sabuwa ta gaskiya 'yan awanni take nunawa, ta nuni takan nuna ɗaruruwa ko dubu biyu zuwa uku, wadda ta nuna fiye da dubu goma kuwa ta yi aikin ofis, sai dai in an sauya ma'ajiyar, abin da ƙusoshin baya masu alamar sukudireba kan tona.

Daga nan a buɗe farin shafi da baƙi a duba allo ko akwai ɗigo ko tabo, a danna kowane harafi, a gwada kowane rami, da kyamara da lasifika da wayifai. A shiga BIOS a tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, domin wasu kwamfutocin kamfanoni suna zuwa da makullin tsohon mai su. A ƙarshe a kwafi lambar da ke ƙasan kwamfutar a sa a shafin intanet na HP ko Dell ko Lenovo, zai nuna samfurin da ranar da garanti ya fara da ranar ƙarewarsa. Sau da yawa a nan ake gane cewa garantin shekara guda na kwamfutar nuni ya ƙare tana kan teburi. Duk wannan bai fi aikin rabin awa ba, mai shagon da ya hana a yi shi kuwa ya riga ya ba da amsa.

Wa ke tsaye a bayan kaya

Garantin masana'anta yana da amfani ne idan akwai wurin da za a kai kaya. Dokar Tarayyar Turai ta ba mai saye kariyar shekara biyu, amma wannan kariya tana tsakaninsa da shagon da ya sayar masa a can, ba ta biyo kwantena zuwa Afirka. Ko sabuwa mai garanti na gaskiya, gyaranta yakan buƙaci tafiya Kwatano da jiran makonni. Saboda haka garantin da ke aiki a Paraku da Jugu shi ne alkawarin mai shago: mako biyu, wata ɗaya, wata uku, a rubuce a rasit tare da lambar kwamfutar.

A nan sabon ciniki ya haɗu da tsohon tsari. A zamanin ayari, baƙon falke yana sauka ne a gidan maigida a zango, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa idan kaya ya fito da aibi ko bashi ya maƙale. Fikihun Malikiyya da ake karantarwa a makarantun zaure na waɗannan garuruwa ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya kuma ba mai saye damar mayar da kaya idan ɓoyayyen aibi ya bayyana. Mai shagon da ya ce a fili, "Wannan ta yi wata takwas a teburi, batirinta ya ragu, ga abin da na rage," ya sauke nauyin da ke kansa, ya kuma samu abokin ciniki da zai kawo masa 'yan ajinsu. Sayen nagari mai da kuɗi gida ne, kuma nagartar a nan ta haɗa da ta mai sayarwa.

Wace ta dace da wa

Sabuwa ta fi dacewa da wanda kuɗinsa ya kai ga matsakaiciya, mai ram gigabait 8 ko fiye da SSD, da wanda ke zaune nesa da masu gyara, da wanda ba shi da wanda zai raka shi gwaji. Ta nuni ta fi riba idan ragin ya fi kuɗin sabon batir da tazara mai kyau, injinta na zubi na 8 ne ko sama, ana iya buɗe ta, kuma mai shago ya rubuta alkawari. Idan ragin ɗan kaɗan ne, gara a ƙara a ɗauki ta cikin kwali. Idan kuma kuɗin bai wuce na sabuwa mafi araha ba, kwamfutar ofis ta hannu da ta ci gwaji takan fi ta aiki da daɗewa. Wanda buƙatarsa ba ta wuce WhatsApp da karɓar kuɗi ta MoMo, tsarin aika kuɗi ta waya, ba, wayarsa ta ishe shi. Laftof ta mai rubutu mai tsawo ce, da mai lissafin kasuwanci, da mai koyon zane ko rubuta manhaja.

Ƙarshen kowace kwamfuta ma yana cikin lissafi. Yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 an yi su ne don hana jibge shara mai guba a ƙasashe irin Benin, amma kayan da aka shigo da su da sunan na hannu suna mutuwa ne a nan, 'yan gwangwan su ƙona wayoyi don cire tagulla, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara. Kwamfutar da aka zaɓa da kyau, ake share mata ƙura bayan kowane hunturu, aka sauya mata batir a kan lokaci, tana iya fitar da ɗalibi daga jami'a ta koma hannun ƙaninsa. A cikin shekara 25 mutanen Paraku da Jugu sun tashi daga layin jiran kujera a siba zuwa zaɓi tsakanin iri uku, kuma wanda ya san lambar inji, ya iya karanta rahoton batir, ya nemi alkawari a rubuce, shi ne ke cin moriyar wannan sauyi.